Sabon Dillali Ya Shigo Tasha

Ina roƙon mai shirya wannan takarda tamu ya ba ni ɗan fili in yi magana bisa wani al'amari wanda ya shafi tukunyar gidaje da yawa a Nima da Mamobi da Sabon Zango, watau sana'ar tuƙin tasi, da abin da wayar hannu ta mai da ita a 'yan shekarun nan. Ni ba direba ba ne, akawu ne, aikina rubuta shiga da fita cikin littafi. Amma mahaifina tasi ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare, da ita ya biya mini kuɗin makaranta, yau kuma ga ɗan yayana yana tuƙi da waya kafe a gefen sitiyari. Saboda haka na ga sana'ar nan a hannun tsoho, na kuma gan ta a hannun yaro.

Duk wanda ya girma a Ankara ya san tasi tun daga nesa, gama kusurwoyinta huɗu fenti ne rawaya, lambarta ma rawaya ce. Mai ita yana da rajista wajen majalisar birni, galibi kuma yana cikin ƙungiyar direbobi, wadda babbarta ita ce GPRTU. Aikin iri biyu ne. Akwai lodi, inda mota za ta tsaya a tasha bisa layi har mutum huɗu su cika ta, kowa ya biya kuɗin da a ka yanka. Akwai kuma shata, inda mutum ɗaya zai ɗauki motar duka ta kai shi ƙofar gida. Ba mita a cikin tasinmu, sai ciniki da baki. Direba ya dubi takalminka da agogonka ya faɗi nasa, kai kuma ka dubi motarsa ka taya. Lodi shi ne tuwon yau da kullum, amma shata ita ce romon sana'a, da ita a ke yin kayan Salla.

Tasha kuwa, bayan jiran fasinja, majalisa ce. In mace ta manta jaka a mota, can za ta je wajen shugaban tasha, kafin magariba an nemo direban. In biyu sun yi rikici a kan layi, can a ke raba su. In an yi wa direba haihuwa ko rasuwa, littafin gudummawa zai zaga. Ran da mahaifinmu ya kwanta ciwo, abokan tasharsa ne su ka riƙa aiko mana da kuɗin cefane har ya tashi.

A cikin watan Yuni na 2016 kamfanin Uber, wanda a ka kafa a birnin San Faransisko na Amurka a 2009, ya fara aiki a Ankara. Bayansa wani kamfani na ƙasar Estoniya mai suna Taxify ya shigo, shi ne wanda ya sake suna ya koma Bolt a 2019. A wannan shekara ta 2019 Yango ma ya iso, waɗansu kuma su ka biyo baya. Abin mamaki, kamfanonin nan ba da motoci su ka zo ba. Abin da su ka kawo manhaja ce a cikin waya. Ka taɓa, ta nuna inda ka ke tsaye, ka rubuta inda za ka, ta gaya maka kuɗi, sa'an nan ta aiko maka da motar da ta fi kusa, da sunan direba da hotonsa da lambar motar. In an sauke ka, ka biya da tsaba ko ta kuɗin waya, kana ka ba direba taurari daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon yadda ka ji daɗin tafiyar.

Sai mu faɗi gaskiya, abin nan ya zo da amfani. Matar da naƙuda ta kama da ƙarfe biyu na dare ba sai mijinta ya fita bakin titi yana ɗaga hannu ba, mota za ta zo har bakin lungu ta kai ta Korle Bu. Baƙon da ya sauka daga Tamale ko daga Yamai, wanda bai san gari ba, ba za a ninka masa kuɗi don an ji harshensa ba. Yarinya in ta shiga mota tana iya aika wa uwarta lambar motar da hanyar da a ke bi. Samarinmu da yawa waɗanda su ka gama makaranta su na zaune da takardun shaida a akwati sun sami abin yi, ba tare da sun jira wani ya sa musu hannu a tasha ba. Wanda ya ce duk wannan banza ne, bai yi adalci ba.

Amma fa akwai inda na ke so mu tsaya mu duba da kyau, gama mu mutanen zango mun san dillanci fiye da kowa. Kakanninmu fatake ne, sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, su ka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro. Da yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar Salaga, su ka bazu zuwa Karachi da Kumasi da Ankara. Ko'ina su ka sauka, akwai maigida. Shi zai ba falke masauki, ya ba shi abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, in an sayi kaya bashi shi zai tsaya lamuni. Bayan duk wannan ya karɓi la'adarsa. In mai saye ya gudu da kuɗi, sunan maigida ne ya ɓaci, aljihunsa ne kuma zai yi ciwo.

To, manhajar nan dillali ce, ba wani abu ba. Tana haɗa mai mota da mai tafiya, ta cire la'ada. Sai dai ku dubi irin wannan dillali. Shi ke yanka kuɗin tafiya, mai kaya ba shi da ta cewa. Ba ya ba da masauki, ba ya sayen mai, ba ya canza taya. In mota ta lalace ba ruwansa. Ba za ka gan shi wajen suna ba, ba za ka gan shi wajen jana'iza ba. Kuma la'adarsa ba ƙarama ba ce: a shekarun farko Uber yana cire kashi 25 cikin ɗari, har direbobi su ka yi ta kuka a kai a 2018. Kowane kamfani da nasa kason, yana kuma hawa yana sauka, amma ko yaushe daga saman kuɗin a ke fara cirewa, tun direba bai fid da kuɗin mai ba.

Bari in yi muku lissafi irin na akawu, a bisa misali kawai. A ce tafiya ta kama sidi 40, dillali ya ɗauki rubu'i, watau sidi 10. Saura 30. A cikin 30 ɗin nan ne za a fid da man da a ka ƙona, har da wanda a ka ƙona wajen zuwa ɗaukar fasinja, wanda ba mai biya. A ciki za a fid da kuɗin intanet na waya, da baƙin mai, da makaniki, da inshora. In motar ba ta direba ba ce, a ciki za a fid da balas na mai mota kowane mako. Abin da ya rage shi ne na cefane. Yaro yana ganin kuɗi su na shiga waya yana murna, ya ce yau ya yi ɗari huɗu, alhali kuwa in an zauna da alƙalami watakila abin da ya ke nasa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekarar 2022 ta tona wannan asiri sarai. A farkonta litar fetur ba ta kai sidi 7 ba, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura sidi 17, a watan Disamba kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari. Direban tasi mai rawaya ya dubi fasinja ya ce masa mai ya tashi, su ka daidaita da baki. Direban waya kuwa sai ya jira a ƙara kuɗi daga can inda bai san kowa ba. Wannan shi ya sa ku ka ga sun koyi buga wa fasinja waya su tambayi inda za shi kafin su taso, ko su ce a kashe manhaja a yi ciniki a gefe. Ban ce daidai ne ba, gama in an kashe manhaja, tsaron nan da mu ka yaba ma ya tafi. Amma yunwa ce ta koya musu.

Akwai kuma tsarin nan na ka yi aiki ka biya, inda mai kuɗi zai sayi ƙaramar mota irin su Vitz ko Picanto ya ba yaro, yaro ya riƙa biya mako mako har shekara biyu ko uku, sa'an nan motar ta zama tasa. Ɗan yayana haka ya karɓi tasa. Yana cikin biya sai wani fasinja ya kai ƙararsa a ɗaya daga cikin kamfanonin, a ka rufe masa manhaja ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ya rubuta, amsa ta zo iri ɗaya sau uku, kamar ba mutum ya rubuto ba. Kwana goma sha biyu mota na ajiye a ƙofar gida, balas kuwa bai tsaya ba. Da a tasha ne, da shugaba ya kira su biyu ya ji ta bakin kowa. Da mu ka je wajen mai motar neman sassauci, sai na tarar ko takarda ɗaya ba su rubuta tsakaninsu ba, ba a san nawa a ka biya ba sai abin da kowa ya riƙe a ka. Allah Ya sa mutumin kirki ne. Da ba haka ba, da wahalar wata goma sha huɗu ta bi ruwa.

Tsofaffin direbobinmu fa? Ku bi ta tashoshi da hantsi ku gani. Shata ta tafi wajen masu waya, gajeriyar tafiya kuma masu okada sun kwashe, saura lodi kaɗai, ga trotro na gasa da su a kansa. Dattijo mai shekara sittin wanda ya san kowane lungu daga Tudu har Madina, amma bai yi karatun boko ba, idonsa kuma ba ya ganin ƙananan rubutun waya, ina zai sa kansa? Su na kuma da hujja in sun ce su an sa su fenti da rawayar lamba da kuɗin majalisa da na ƙungiya, ga waɗansu da farar lamba su na aiki iri ɗaya. Amma su ma sai su tuna, ranar ruwan sama da su ka riƙa ninka wa mutane kuɗi, da motar da ƙofarta ba ta buɗewa sai da igiya, su ne su ka tura fasinja wajen sabon dillali. Shi ma ɗin in hadari ya taso yana ninka nasa kuɗin, sai dai shi a rubuce ya ke yi.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ba mu da ikon korar wayar nan, kuma ba na jin matanmu za su yarda a kore ta. Abin da ke hannunmu shi ne mu gyara namu gefen, ga kuwa shawarata.

Na farko, kowane yaro mai tuƙi ya sayi littafi na sidi kaɗan, kullum dare ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, har kuɗin wankin mota. Bayan wata guda zai san ko shi ke cin motar ko ita ke cinsa. Wanda bai iya ba ya same ni bayan sallar la'asar ran Lahadi, in nuna masa, ba ko kwabo.

Na biyu, kada wanda ya ƙara karɓar mota a kan biya mako mako sai an rubuta, da shaidu biyu: nawa ne jimla, nawa ne na mako, wa zai yi babban gyara, me za a yi in direba ya kwanta ciwo ko an rufe masa manhaja. Malamanmu sun sha gaya mana aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne.

Na uku, samarin waya su kafa tasu majalisa kamar yadda iyayensu su ka yi, da adashi da littafin gudummawa, don ran da ɗaya ya faɗi a sami mai ɗaga shi. In adashin ya yi ƙarfi, a riƙa saya wa mutum ɗaya mota bi da bi, balas ya tsaya a cikin zango. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kamfani ya fi jin muryar mutum ɗari bisa ga ta mutum ɗaya.

Na huɗu, yara su zauna da dattawan tasha su koya musu taɓa waya, dattawa kuma su koya musu hanyoyin da taswira ba ta sani ba, da yadda a ke jin ciwon inji da kunne, da haƙuri da fasinja.

Mu kuma masu shiga mota, kada mu kira direba ya ƙona mai ya zo sa'an nan mu fasa ba dalili, kada kuma mu rage masa taurari don fushin da mu ka fito da shi daga gida, gama taurarin nan abincin 'ya'yansa ne. In kuwa za ka kasuwa da kaya, ga tsohon da ya kai uwarka asibiti ran da za a haife ka yana zaune a tasha tun safe, ka tuna da shi.

Ina fata sarakunan zango da limamai za su sa baki a wannan magana, masu tuƙi kuma su rubuto su faɗi nasu. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a abin da mu ke nema, amin.

Naku,
Wani akawu, Nima, Ankara.