Keken Da Ba Ya Shiga Walda

Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi, ko a Aboabo ne ko Asawase ko Sabon Zango, ba sai an koya masa sayen keke ba. Mun ga iyayenmu suna yi. A ɗaga Raleigh ko Phoenix a sake shi ƙasa a ji ƙararsa, a juya wili a ga ko ya karkace, a matsa birki, a duba tsatsa, sannan a shiga ciniki. In ma wani abu ya ɓoye, ba a damuwa, domin ga Magazin ta Suame nan, inda babu ƙarfen da ya gagari mai walda. Da wannan ilimin muka fita sayen keken tsere, kuma saura kaɗan ya kai mu ya baro.

Autanmu ne sanadi. Shekara biyu yana bin masu tseren keke na ranar Lahadi a kan wani tsohon keken ƙarfe mai nauyin tsiya, kullum shi ne na baya a hawan tudu, amma bai taɓa fashi ba. Sai mu yayyensa huɗu muka yi shawara muka shiga karo-karo, wata takwas muna tarawa, har da abin da Hajiyarmu ta ƙara daga cinikin kokonta ba tare da ta gaya wa kowa ba sai daga baya.

Da kuɗi suka taru muka nufi rumfar wani dillalin kekunan gwanjo, irin waɗanda ake saukewa a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tema. Mutumin da ya ji abin da muke nema, sai ya shiga can ciki ya fito da wani keke baƙi siriri, riƙe da hannu ɗaya kamar mai ɗauke da buta. Ya ce, "Alhaji, wannan kabon ne, ba ƙarfe ba. Ɗaga ka ji." Babban yayanmu ya ɗaga da yatsu biyu. Muka kai shi sikelin mai masara da ke gefe, bai cika kilo 10 ba. Idon auta ya kawo ruwa. Wallahi da a ranar kuɗin na aljihunmu, da an gama.

Washegari muka ɗauko Baba mai gyaran keke, wanda shi ke kula da keken mahaifinmu tun muna yara. Ya zagaya keken sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da sifana a hankali, ya kasa kunne, sa'an nan ya ce, "Yara, ni ƙarfe nake jin maganarsa. Wannan ban san yarensa ba, kada in cuce ku." Mun ga girman dattijon a wannan rana, domin da wani ne sai ya yi ta kame-kame don kada a ce bai sani ba.

Allah Ya taimake mu ɗan kawunmu ya zo hutun Sallah daga Italiya, inda ya yi shekaru yana aiki a shagon gyaran kekuna. Shi ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ashe kabon ba narkakken abu ba ne da ake zubawa kamar dalma. Zare ne siriri ƙwarai, a jera shi hawa-hawa, a jiƙa da wani irin gam mai ƙarfi, a gasa har ya daskare. Yawancin kekunan da aka yi da shi a shekarun 1980, bututai ne kawai na kabon, sai a cusa bakinsu cikin mahaɗai na alminiyam a manne da gam. A kan irin wannan ne Greg LeMond, mutumin Amurka, ya ci babban tseren zagaye Faransa a 1986, da keken kamfanin Look. Daga baya aka koma yin firam ɗin gaba ɗaya da kabon, kamar yadda kamfanin Trek ya fito da nasa a 1992. Keken da aka nuna mana na zubin farko ne, mai mahaɗan alminiyam, sunan kamfanin ma ya goge. Wato dai ya girmi auta nesa ba kusa ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Ƙarfe in zai mutu yana yin sallama: ya yi tsatsa, ya lanƙwashe, tsagarsa ta riƙa tafiya a hankali har mai shi ya gani. Kabon kuwa yana iya rabuwa daga ciki, hawa ya saki hawa, alhali fenti na nan sumul yana ƙyalli, sai ranar da aka faɗa rami a guje ya karye gaba ɗaya. Ga kuma wata rigima: kabon da alminiyam ba sa ga maciji in danshi ya shiga tsakaninsu, musamman gishirin gumi ko iskar teku. Alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya zama farin gari, gam ya saki.

Muka koma rumfar da shi, da bokitin ruwa da tsumma da tocila da ƙwandala ɗaya. Dillali ya yi ta dariya, wai mun zo wankan gawa. Ɗan kawunmu bai kula shi ba. Ya ce kada a taɓa duba irin wannan keke da datti a jikinsa, don ƙura na rufe tsaga. Bayan an wanke an goge, ya shigar da shi inuwa, ya haska tocila a karkace, yana bin kowane bututu, yana shafawa da tsumma ko zai kama wani zare da ya tashi. Sa'an nan ya shiga ƙwanƙwasawa da ƙwandalar, taƙi bayan taƙi. Inda ke da lafiya ƙarar na fita tas-tas, inda ya rabu daga ciki kuwa sai ta dushe kamar an bugi rubabben kankana. Baba ya matso ya kasa kunne, can sai ya karɓi ƙwandalar ya ci gaba da kansa. Ba a yi minti goma ba kunnensa ya kama yaren.

Bututan duk suka fita lafiya, har mun fara murna. Sai aka kifar da keken, ƙafafu sama. A mahaɗar ƙasa, inda feda ke juyawa, ga farin gari nan ya yi zobe a bakin bututun da ya gangaro daga gaba, fentin wurin ya kumbura. Ɗan kawunmu ya mai da keken tsaye, ya sa auta ya riƙe kai da sirdi, shi kuma ya taka feda ta gefe da ƙarfi. Muka ji ƙas. Ya sake, muka sake ji. Da aka haska, sai ga bakin mahaɗar na buɗewa kamar kaurin gashi yana rufewa. Ya kwance notin sirdi don ya zare sandarsa ya leƙa ciki, sandar ta ce ba ta san zancen ba, ta manne tun Allah kaɗai Ya san yaushe.

Dillali ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ƙaramin abu ne. Ku kai Suame a ɗiga masa walda, na rage muku." Ba mu ce mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, iyakar saninsa ke nan, kuma jiya-jiya mu ma haka za mu ce. Amma wuta ba ta haɗa kabon, ƙona gam ɗin take yi, ta bar zare kamar gashin masara. A Turai akwai masu zare bututun su kankare su sake mannawa, sai dai aikin ya fi kuɗin keken, mu kuwa ba mu da mai yi a kusa. Muka tuna hanyar da yaran ke bi ranar Lahadi, daga Kuntanase a gangara Abono bakin tafkin Bosomtwe, gangare mai kwana-kwana wanda ko mota sai da dabara. Babban yayanmu ya ce, "Ni ba zan iya kallon idon Hajiya ba." Muka yi sallama. Kafin mu tafi mun nuna wa dillalin wurin da yatsa, muka roƙe shi ya cire giya da birki da wili ya sayar daban, firam ɗin kuwa ya rataye shi ado. Ya ce to.

Auta ya yi kwana uku ba ya yi mana magana.

Sai bayan mako biyar aka samu wani a wata rumfar, ɗan shekarun 1990, firam ɗinsa kabon ne zalla. Lokacin ɗan kawunmu ya koma, saboda haka Baba ne ya riƙe ƙwandala. Akwai ƙarzuwa biyu a jikinsa, amma a fenti suka tsaya, ba su kai ga zare ba. Sandar sirdi ta zaru salin-alin. Muka cire ƙafafun gaba masu riƙe da wili muka duba wuyansu, domin nan ne in ya karye mutum ke sauka da fuska. Muka auna tsakanin ƙafafun baya, milimita 130, wato wilin zamani zai shiga. Na farkon 126 ne, kuma kabon ba a buɗa shi da ƙarfi yadda ake yi wa ƙarfe. Wannan ma wani tarko ne da ba mu san da shi ba a da.

Abin da ya rage duk kayan da ke cinyewa ne. Kaca ta miƙe, boris na gaba na gurnani, tayoyin nan sirara masu faɗin milimita 23 sun bushe sun tsattsage. Da su muka ja ciniki har farashi ya sauko daidai aljihunmu, ragowar muka zuba a gyara. Baba ya kafa wa auta sharaɗi uku: kada ya jingine shi a rana ko ƙarƙashin kwano mai zafi yini guda, kada ya bar yaron shago ya ɗaure noti da iyakar ƙarfinsa don matsi na fasa bututun, kuma duk ranar da ya faɗi, ko da bai ji ciwo ba, ya kawo a ƙwanƙwasa kafin ya sake hawa.

Lahadin farko mun bi su a baya a kan babura biyu har Abono. Auta ya sauka lafiya, na shida cikin su goma sha ɗaya, yana haki yana dariya. A hanyar dawowa muka biyo ta rumfar farko don mu gaisa. Baƙin keken ba ya nan, ba a rataye ba, ba a ƙasa ba. Muka tambayi yaron shago, ya ce ai tun makon jiya wani ɗalibi ya biya ya hau ya tafi, bai san unguwarsu ba.