Hayaƙin Babur Daga Samaru Zuwa Sabon Gari

Daga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ta Kwangila, zuwa Sabon Gari, har yau tsofaffin Vespa da Honda da aka sabunta wa inji suna jigilar yara makaranta. Kafin ki ɗora naki, uwargida, dubi salansa.

Bakaniken Sabon Gari launin hayaƙi yake fara karantawa. Baƙi, fetur ne ya yi yawa. A saita kafireta, da araha. Shuɗi a Honda kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, galibi ringin fistan bai zauna ba. In man ya ƙare, inji zai buga a tsakiyar titi da yaro a baya. Vespa dama da mai ake gauraya feturinta, ɗan hayaƙinta gado ne.

Maigida ya kwance fulogin Hondarsa. In ya jiƙe da mai, yara su hau Keke Napep.