Abin Da Baƙar Masara Ta Koya Mana

Mu a gidanmu masara iri biyu muka taso muka sani, fara da rawaya. In an ɓare masara aka ga 'yan baƙaƙen ƙwayoyi a jikinta, sai a ce ta haɗa iri, a tsince su a watsa wa kaji. Sai da aikin binciken dankali ya kai mu Lima, babban birnin ƙasar Peru a Amurka ta Kudu, muka yi shekara biyu a can, sa'an nan muka ga masarar da a ke noma ta domin baƙin nata. Abin da ya same mu a kanta shi muke so mu gaya muku, gama saura kaɗan ya jawo mana kuka.

Ranarmu ta uku a unguwa, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta kawo mana wani abin sha a tulun gilashi, ta ce sunansa cica. Mu kuwa an riga an gargaɗe mu cewa cica giya ce irin burukutu. Muka yi godiya, muka ajiye ba mu taɓa ba. Da ta zo ɗaukar tulunta ta same shi a cike, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wa uwargida, "'Yata, cica iri biyu ce. Mai sa maye da tsiron masara a ke yin ta, a bar ta ta yi tsami. Wannan kuwa cica morada ce, dafa ta kawai a ke yi. Jikokina ma ita suke sha."

Kashegari ta kai mu kasuwa. A can a ke sayar da masarar a bushe, a kan totuwarta, a auna da kilo. Daga nesa baƙa ce ƙirin, amma in ka jiƙa yatsa ka murza, sai ka ga shunayya. Mutanen Kecuwa, mazaunan duwatsun Andis, suna kiranta kulli. Asalin masara duka daga kudancin Meziko ne, inda aka fara noma ta shekara wajen 9,000 da suka wuce. Manoman Andis ne suka yi ta ware mai duhun launi suna adana irinta, tun kafin Turawan Sifen su iso ƙasar.

Ga yadda dattijuwar ta koya mana. A wanke masarar, a ɓare ƙwayoyin, a zuba su a tukunya tare da totuwar. A sa ɓawon abarba, da kirfa, da kanumfari. A bar ta a wuta kamar awa guda, har ƙwayoyin su fara fashewa. A tace, a bari ta huce, sa'an nan a matsa lemun tsami, a sa sukari. Da uwargida ta kwashe totuwar za ta zubar, dattijuwar ta riƙe mata hannu. Ashe launin ya fi yawa a totuwa bisa ga ƙwayoyin. Abin da mu muke hura wuta da shi, su shi ne abin nemansu.

Ba sha kaɗai suke yi da ita ba. Sukan dama ruwan da garin dankalin Hausa da busassun 'ya'yan itace, ya yi kauri kamar fate. Wannan shi ne masamora morada, a kan sha shi musamman a watan Oktoba a Lima. A Bolibiya suna yin api, wani kunu mai zafi na garin masarar, a sha da sassafe da soyayyen fanke, kamar yadda muke yi da koko da ƙosai. A Ekwado kuma ran 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da matattu, iyali sukan taru su sha kolada morada da burodi mai siffar jariri.

To, ga inda muka yi tuntuɓe. Maigida yana da hawan jini, yana kuma shan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Duk wanda ya ji haka a wurin aiki ko a kasuwa sai ya ce, "Ai baƙar masara tana saukar da jini." Maganar ta yi mana daɗi, gama kowa ya gaji da shan magani kullum. Muka shiga dafa babbar tukunya kowane mako, muna zuba sukari hannu sake. Da ƙwayoyin suka ƙare, ba mu sayi waɗansu ba. Mu biyu muka yi wannan shawara, ba wanda zai ɗora wa wani laifi.

Bayan wata biyu, wata safiya maigida ya tashi da ciwon ƙeya, idonsa yana gani dishi-dishi. Uwargida ta ce, "Maigida, yau kam sai asibiti." Aka auna shi, jini ya kai 180 bisa 110, ga shi kuwa tun daga 140 bisa 90 a ke kiransa hawan jini. Nauyinsa ma ya ƙaru. Likita ta tambaye mu, muka faɗi gaskiya kanmu a sunkuye.

Ba ta yi mana faɗa ba, ba ta kuma kushe abincin ƙasarsu ba. Ta ce launin nan wani sinadari ne mai suna antosayanin, wanda yake taimakon jiki wajen kare ƙwayoyinsa da hanyoyin jini daga lalacewa. An gwada shi a kan ɓeraye da kan mutane ƙalilan, an kuwa ga jini ya ɗan sauka. Amma wannan 'yar sauka ba za ta tsaya a madadin ƙwaya ba ga wanda ciwon ya riga ya kama. Sa'an nan ta ƙirga mana sukarin da muke zubawa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya wuce kamar giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Maigida yakan sha fiye da haka kafin la'asar. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Ya koma kan maganinsa, muka ci gaba da dafa cica, amma da abarba da yawa, sukari kaɗan. Cikin 'yan makonni jini ya daidaita.

Da muka komo gida, sai muka ga abin da muka tsallake teku muka yi mamakinsa yana bayan ɗakinmu. Jan da yake cikin zoɓo antosayanin ne. Jar dawa da karan dafi ma suna da danginsa. Tsaba mai launi da muke rainawa, muna neman fara sol domin tuwo ya yi kyan gani, tana da nata amfani.

Saboda haka, iyaye mata, kada ku tsince mai launi ku ba kaji. Ku dafa wa yara zoɓo maimakon lemun kwalba, ku kuma rage hannu wajen sukari. Wanda likita ya ɗora a kan magani, ya sha zoɓonsa, ya sha ƙwayarsa, ya riƙa zuwa awo. Mu a gidanmu kwalbar magani tana nan kusa da tulun zoɓo, uwargida ce kuma take ƙirga ƙwayoyin kowace Asabar.