Jirgin da na hardace

Bara na faɗi bak, kuma fizik ce ta kayar da ni. Ranar da sakamako ya fito, Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kayena guda da ke kan tabarma, ya buɗe shafin ƙarshe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: «Wannan shi ne karatun?» Abin da ke shafin zanen jirgi ne, da lambobi jere a gefensa cikin rubutuna mafi kyau. Ban iya ba shi amsa ba.

Jirgin sunansa VF-1 Valkyrie. Babu shi a duniya, ba a taɓa ƙera shi ba. Ya fito ne a wani fim ɗin zane na Japan, irin wanda muke ce ma desen anime, mai suna Macross, da aka fara nunawa a talabijin a watan Oktoba na 1982, kashi 36. A 1985 Amurkawa suka haɗa shi da wasu finafinai biyu suka sa ma abin suna Robotech. Ni a wayar wani ɗan fadarmu na fara ganinsa, ya tura mini, na kwana uku ina kallo har kuran ya ɗauke, batir ya mutu.

Labarin a taƙaice shi ne: a 1999 wani ƙaton jirgin baƙin halittu ya faɗo a wani tsibiri cikin tekun Pasifik. Mutane suka yi shekara goma suna gyara shi suna koyon fasaharsa. A 2009, ranar da za a tashe shi, sai ga Zentradi, wasu ƙattai masu tsawon kusan mita goma, sun iso da yaƙi. Valkyrie shi ne makamin da ƴan Adam suka tanada, kuma yana da siffa uku. Ta farko jirgin yaƙi ne sak. Ta biyu, GERWALK, jirgi ne da ya sauko da ƙafafu da hannuwa, yana tafiya kamar jimina. Ta uku, Battroid, mutum-mutumi ne tsaye da bindiga a hannu.

Abin da ya kama ni ya wuce faɗan. Waɗanda suka yi fim ɗin sun rubuta ma jirgin takardar bayani kamar ta injin gaske, ni kuma na hardace ta. Tsawo a siffar jirgi, mita 14,23. Faɗin fukafukai in an buɗe su duka, mita 14,78; in an lanƙwasa su baya, 8,25. Tsayi in ya zama mutum-mutumi, mita 12,68. Nauyi ba kaya, tan 13,25. Injuna biyu samfurin FF-2001 masu aiki da makamashin nukiliya, kowane yana tura tan 11,5. Gudu, ninki 2,71 na saurin sauti a tsayin mita dubu goma. Bindiga GU-11 mai baki uku, harsashinta milimita 55. Har kawunansu na sani: VF-1A na ƙananan sojoji bindigar leza ɗaya ce a kansa, VF-1J biyu, VF-1S na kwamanda huɗu. A fada, ana dafa shayi, in aka ce «Kai, kawo mana jirginka», sai in zuba su ba numfashi, ana dariya ana tafi. Na ɗauka hakan sani ne.

Bayan faɗuwata Baba ya karɓe wayar, ya ce hutun nan wurin Kawu zan yi shi. Kawu mai walda ne, ƙofofi da tagogi da amalanke yake yi, bai yi lakwal ba ko na kwana ɗaya. Wata rana da azahar, kuran ya tafi, aiki ya tsaya, ya gan ni ina zane a bayan wani kwali. Ya tambaya, na yi masa bayani, na zuba masa lambobin kamar yadda na saba. Bai yi dariya ba. Ya sa yatsa a kan zanen ya ce: «To, ɗana, in ya miƙe tsaye, ƙafafun nan a ina suke riƙe?»

Na ce injunan ne ke zama ƙafafu. Ya ce ya gane wannan. Amma a hoton jirgi injunan suna manne a ƙarƙashin gadon bayansa, a hoton mutum kuwa suna manne a gefen hancin jirgin, wanda ya juya ƙasa ya zama ƙugu. «Daga can zuwa nan akwai tafiya. Me ya ɗauke su? Ƙofa ma ba ta juyawa sai da abin da ke riƙe da ita.» Na kalli zanen da na yi sau ɗari, na ga ban taɓa tambayar kaina wannan ba. Kunya ta kama ni, na ce ai fim ne kawai. Ya ce: «In fim ne kawai, me ya sa suka auna shi har da santimita?»

A daren na yanke shawarar sai na ƙera shi da kwali. Nan ne lambobin suka fara yi mini aiki karo na farko. Na zaɓi in rage komai sau hamsin: mita 14,23 suka koma santimita 28 da rabi, tsayin mutum-mutumin ya koma 25 da ɗan wani abu. Irin wannan rabawar ita ce mushenmu ya yi ta cika tablo da ita ina hamma. Na yanka kwalin sabulu, na yi gaɓoɓi da waya. Hannuwa suka kwanta tsakanin injuna biyu, daidai wurinsu. Kai ya ɓuya a ƙarƙashin ciki. Wutsiya ta naɗe ta hau baya kamar jakar ɗan lakwal. Amma ƙafafun sun ƙi. In na manne su a wurin jirgi, mutum ya fito da ƙafafu a kafaɗa. In na manne su a ƙugu, jirgi ya fito da injuna a hanci. Na ɓata kwali huɗu.

Kawu ya bar ni na yi kwana biyar ina fama. Ran na shida ya ciro wayoyi biyu daga tsohuwar ƙafar keke, ya lanƙwasa su da filaya, ya soke kan kowace a tsakiyar jikin jirgin, ɗaya kan kuma a cinya. Ya tura da yatsa, sai ƙafar ta yi lilo daga baya ta zo ta zauna a gefen hanci. Ya ce: «Ba manne ta za ka yi ba, hanya za ka ba ta.» Daga baya, da Baba ya maido mini waya, na ga hoton abin wasan da kamfanin Takatoku ya fitar a Japan a lokacin fim ɗin, wanda aka rage sau 55. Sandunan ƙarfe biyu masu lilo ne ke kai ƙafafunsa ƙugu. Na nuna ma Kawu, ya kalla ya ce ashe su ma sun sha wuya a wurin, ya ci gaba da waldarsa.

Tun daga nan na koma kan takardar da na hardace, ina tambayar kowace lamba dalilinta. Me ya sa tsayin ya kai mita 12,68? Don abokin gaba ƙato ne na mita goma, kuma ana son a iya tarar shi gaba da gaba, har cikin jirginsa. Me ya sa fukafukai ke motsi? Wanda ya zana shi, Shoji Kawamori, haifaffen 1960, ya ɗauko siffar daga F-14 Tomcat na sojan ruwan Amurka, jirgin gaske mai tsawon kusan mita 19, wanda ke buɗe fukafukai in yana tafiya a hankali, ya lanƙwasa su in zai yi gudu. Shi Kawamori ɗalibin fannin injiniya ne a jami'ar Keio lokacin da ya shiga wannan aiki, kuma an san shi da gwada juyin jiragensa da takarda da bulo na Lego don ya tabbatar suna naɗewa a hannu.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta injuna. Tan 11,5 sau biyu, tan 23 ke nan. Jirgin in ya ɗauki kayansa na tashi nauyinsa tan 18,5 ne. Ka raba 23 da 18,5, ka samu 1,24. Tunda ya wuce ɗaya, turawar ta fi nauyin, shi ya sa in ya juya ƙafafu ƙasa zai iya tashi tsaye ba tare da filin gudu ba. Da ya gaza ɗaya, da GERWALK ba ta bar ƙasa. Wannan shi ne darasin ƙarfi da nauyi da na kasa a jarrabawa, kibiya ɗaya sama, kibiya ɗaya ƙasa. Yana cikin kayena shekara guda, a shafin ƙarshe, ban gan shi ba.

Har rauninsa ma ba su ɓoye ba. A cikin iska injin yana shaƙar iska ya zafafa ta ya fesar. A sararin samaniya babu iskar da zai shaƙa, sai abin da ya ɗauko a tanki, kuma jiki mai cike da gaɓoɓi ba ya da wurin babban tanki. Don haka can gaba a fim ɗin suka ɗora masa ƙarin tankuna da rokoki a baya da ƙafafu. Ƙarya suke yi, amma sun yarda lissafi ya matsa musu.

Ba na cewa ku bar karatu ku koma kallon fim. Wata uku na ɓata a kansa, kuma na biya da shekara. Abin da na gano game da kaina shi ne, yadda na riƙe lambobin Valkyrie haka na riƙe dokokin fizik: ina iya rera su, ban san abin da suke ɗauke da shi ba. Da yawa cikinmu haka muke shiga ɗakin jarrabawa, sai an canza ma tambaya riga mu kasa gane ta.

Bana na koma aji. Duk lambar da mushe ya rubuta, ina rubuta a gefenta da fensir: a ina take riƙe? A jarrabawar gwaji ta watan jiya na samu 11 bisa 20 a fizik. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma bara 5 na samu. Jirgin kwalin yana kan taga a shagon Kawu, ƙura ta rufe shi, fiffike ɗaya ya lotse. Rannan Baba ya biya ta shagon, ya ɗauke shi, ya tura ƙafar ta yi lilo ta zauna a ƙugu, ya maido ta, ya sake turawa. Bai ce komai ba. Da zai fita ya tambaye ni saura kwana nawa bak.