Taura Uku: Aiki, Karatu Da Ciwo

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to ni guda uku Allah ya haɗa ni da su: aikin kasuwa, karatu, da kuma ciwon ƙwaƙwalwa. Na rubuto ne domin na tabbata akwai ire-irena a zangunanmu, daga nan Malanbil har Kandi da Paraku, waɗanda kunya ta hana su magana.

Ciwon ya same ni a shekarar 2017, saura shekara ɗaya in rubuta jarrabawar BAC. Sai in yi kwana huɗu ban runtsa ba, ga surutu, ga jin babu abin da ya fi ƙarfina. Bayan nan kuma in yi wata biyu a ɗaki, ko wanka sai an yi da gaske. Mutanen unguwa suka ce iskoki ne, wasu suka ce sammu. Da ƙyar kawuna ya shawo kan Inna aka kai ni Paraku, tafiyar kilomita ɗari uku da wani abu, inda likitan ƙwaƙwalwa ya ce sunan ciwon bipola. Ya bayyana mana cewa ba ya warkewa ɗungurungum, amma ana zama da shi kamar yadda ake zama da ciwon sukari ko hawan jini, muddin ana shan magani. Lakkol dai dole na bar ta.

Da na samu sauƙi, wani Alhaji mai fataucin albasa da shinkafa ya ɗauke ni rubuta masa lissafi. Kowa ya san kasuwar Malanbil ba ta wasa ba ce, Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa da mu Hausawa duk nan ake haɗuwa. Tun makon farko na same shi na ce, “Ranka ya daɗe, ina da larura, ina shan magani, kuma duk wata uku nakan tafi ganin likita.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaro, hannunka na ɓata lissafi?” Na ce a'a. Ya ce, “To je ka kama aikinka.” Wannan gaskiya da na faɗa ita ta riƙe ni daga baya.

Aiki ne ke sayen magani, magani ne ke ba ni natsuwar karatu, karatun kuwa shi nake fata ya fitar da ni daga rana. In ɗaya ya faɗi, sauran sun bi shi. Maganin ma da nasa wahalar: yana sa nauyin jiki da safe, da bushewar baki, wani lokaci hannu ya riƙa rawa. Shi ya sa na tsara yinina daidai ƙarfina. Daga hantsi zuwa la'asar ina rumfa. Bayan la'asar wani mushe mai ritaya yana yi mini darasi na awa ɗaya da rabi, ina biyansa jaka biyar a wata. Bayan isha'i in sha magani, ƙarfe goma ta yi mini a shimfiɗa. Abokaina kan kwana karatu da shayi da goro idan jarrabawa ta matso. Ni likita ya gargaɗe ni cewa rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ciwo, saboda haka barci ne jarina, ba na taɓa shi. Da azumi ma sai na tuntuɓe shi kan lokutan shan magani.

A 2022 na zauna BAC a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, ban ci ba. Ina cikin sake shiri sai aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya, kaya suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale, ciniki ya ja baya, abin da ya rage na aiki kuma sai ya kai tsakar dare. Kwana uku ina raba dare a bakin ruwa, sai Inna ta lura maganata ta fara sauri. Dama mun yi yarjejeniya da ita cewa in ta ga haka ta faɗa mini, ni kuma ba zan musa ba. Na je wurin Alhaji, ya ce, “Ai ka gaya mini tun farko.” Ya mayar da ni aikin rana, albashi ya ragu, amma ban kwanta ba. A 2024 na sake zama, Allah ya ba ni sa'a.

Ga iyaye kuwa, ina roƙo a daina ɗaure masu wannan larura da mari ana ɓoye su a bayan gida. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Jacquot a Kwatano, akwai likitoci a Paraku. Akwai kuma Grégoire Ahongbonon, ɗan ƙasar nan, wanda a da gyaran taya yake yi a Buwake ta Kodebuwa, shi ma ya taɓa shiga matsanancin ƙuncin rai, daga baya ya kafa ƙungiyar Saint Camille mai kwance sarƙa daga ƙafafun marasa lafiya tana yi musu magani tana koya musu sana'a. Tana da cibiyoyi a Avrankou da Bohicon da Jugu.

Kai kuma ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai fama, nemi mutum ɗaya a gida da mutum ɗaya a wurin aiki da za su san halinka. Kada ka ajiye magani don ka ji sauƙi sai da shawarar likita. Kada kuma ka auna tafiyarka da ta tsaranka. Nawa sa'o'in sun gama jami'a, wasu har da 'ya'ya, ni sai bayan shekara bakwai na riƙe takardar da suka samu tun tuni. Amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.