Abin Da Hannu Ya Riƙe

Mu da muka tashi a Samaru rubutu iri biyu muka sani: na allo da asuba, na boko da hantsi. Kwatsam sai ga na uku ya iske mu a kasuwar Sabon Gari, a jikin kwalayen janareto da na kayan babur Jincheng. Da fari kallon sawun kaji muka yi masa. Sai da muka zauna koyonsa muka gane ashe gini ne mai tubali.

Ga misali. A rubutun Sinawa, 人 mutum ne, 木 kuwa itace. Jingina mutum a jikin itace, 休, ka sami "hutawa". Haɗa rana 日 da wata 月, ka sami 明, wato "haske". Galibin haruffan ma ɓangare guda ne ke nuna ma'ana, ɗayan ya nuna lafazi. Ƙamus ɗin Sarki Kangxi na 1716 ya jera su ƙarƙashin tushe 214, kuma waɗanda ake amfani da su yau da kullum sun kai 3,500.

To, yaya kai zai riƙe wannan tuli? Da hannu. Yaron ƙasar Sin yakan maimaita harafi guda har ya cika shafi, yana bin ƙa'ida: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Haka muka yi a gaban malam: a rubuta, a haddace, a wanke allo, a sake. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Amma ga abin tsoro. Da wayar hannu ta zo, Sinawa da yawa suka koma buga lafazi da pinyin, wato rubutun bokon da ƙasarsu ta amince da shi a 1958, wayar ta zaɓo masu harafi. Har suna suka raɗa wa cutar: ɗaga alƙalami, manta harafi.

'Yan'uwa marubuta, gemun ɗan'uwanmu ya kama da wuta. Mu nawa ne za su iya rubuta wasiƙa da ajami yau? Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, uku ne kacal, amma muna zubar da su a waya, har "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". Mu riƙa rubuta ko da shafi guda da alƙalami kullum, mu kuma zaunar da yaranmu su yi. Abin da hannu ya saki, kai ba ya daɗewa da shi.