Wasiƙa Zuwa ga Autanmu Kafin Ranar Silverstone

Auta,

Umma da Inna suna gaishe ka. Saƙonka ya iso cewa ka biya kuɗin kwas ɗin ƙwarewar tuƙi a cibiyar Porsche da ke Silverstone, kuma na yi murna ƙwarai. Filin nan tsohon sansanin jiragen yaƙi ne na Ingila, a can aka yi tseren farko na gasar Formula 1 ta duniya a 1950. Ka san kamfaninmu ya taɓa tura mu irin wannan horo a Afirka ta Kudu, shi ya sa na ga gara in rubuto maka da kyau, waya ba ta ba mu isasshen lokaci.

Abu ɗaya nake so ka riƙe: ka je a matsayin ɗalibi. Na san ka iya mota, tun kana sakandare kake kai Umma kasuwa. Amma malamin da zai zauna gefenka ba gudunka yake son gani ba, idonka da hannunka zai duba. Wanda ya shigo yana son nuna kansa shi ne yake komawa gida da ɗan abin da ya zo da shi.

Idon nan shi ne kusan komai. Mota tana bin inda kake kallo. Idan ka zuba wa shinge ido kana tsoron kada ka buge shi, hannunka zai kai ka can ba tare da ka sani ba. Kafin ka shiga kwana, idonka ya riga ya kai tsakiyarta. Kana tsakiya, idonka ya kai mafita. Za ka ji malamin yana ta maimaita maka ka ɗaga kai ka duba nesa, har ka gaji da ji. Kada ka gaji. A titin gari mun saba kallon bayan motar da ke gabanmu, kuma wannan sabon ba ya fita da wuri.

Sai birki. Yawancinmu ba mu taɓa taka shi har ƙarshe ba. Za su sa ka taka da dukkan ƙarfinka, za ka ji fedar tana kaɗawa a ƙarƙashin ƙafarka. Na'urar ABS ce ke aiki, tana hana tayoyi ƙamewa domin ka ci gaba da juya sitiyari. Kada ka ɗaga ƙafa. Littafin dokokin hanya na Ingila ya nuna cewa bayan taka birki, mota mai gudun mil 30 a awa tana cin mita 14 kafin ta tsaya, mai mil 60 kuwa mita 55. Gudu ya ninka biyu, tazara ta ninka kusan huɗu. Ka tuna kuma abin da ke riƙe da kai a kan kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya, kuma birki da juyawa da totur duk daga nan suke ci. Shi ya sa ake gama yawan birki kafin a karya kwana.

Akwai wurin santsi da suke jiƙawa da ruwa, da wani faranti da ke fizgar bayan mota gefe. Karon farko motar za ta ƙwace maka ta juya, haka take yi wa kowa. Ka kalli inda kake son zuwa, ka juya sitiyari can, ka saki totur a hankali ba da firgita ba. A wurina darajar kuɗinka tana nan, domin wannan ne zai cece ka ranar da ruwan sama ya same ka a hanya.

Ƙananan abubuwa: ka je da lasisinka, ka tabbatar tun yanzu cewa suna karɓar irin wanda kake da shi. Ka karanta takardar da za ka sa wa hannu, musamman abin da zai hau kanka idan mota ta lalace. Takalmi mai siririn ƙasa, ba silifa ba. Ka matso da kujera har wuyan hannunka ya hau saman sitiyari kafaɗarka na jingine. Ka yi barci da wuri, ka ci abu kaɗan, ka sha ruwa. Idan ka ji jiri ka faɗa, babu kunya.

Umma ta ɗan damu da ta ji labarin, tunaninta ya tafi kan wasan motar da samari ke yi a ranakun biki a nan Kano, wanda ya sha jawo asarar rai. Na yi mata bayani cewa wurin a killace yake, da malami a gefe, kuma na ɗaukar mata alkawari a madadinka cewa abin da ka koyo na gudu a filin zai tsaya. Don Allah kada ka ba ni kunya. Ka yi addu'ar hawa abin hawa kafin ka tayar, kana fitowa kuma ka kira ta kafin ka kira ni.

Allah Ya tsare, Ya ba da sa'a.

Naka,
Yayanka